Kwanan Tanti da Ƙananan Yara a Tsakiyar Sanyi: Ta Inda Ake Farawa

Karon farko da na kai yarana kwanan tanti a lokacin sanyi, ƙarfe biyun dare a mota ta same mu, mun kama hanyar gida. Ƙaramin, wanda a lokacin bai cika shekara huɗu ba, ya farka da wani siririn kuka da ban saba jin irinsa a bakinsa ba. Na zura hannu cikin jakar barcinsa na taɓa ƙafarsa, sai na ji kamar ƙarfen da ya kwana a waje na taɓa. Safa biyu na sa masa tun safe, duka na auduga, ya wuni yana gumi a cikinsu, kuma ban canza masa ba kafin ya kwanta. Uwarsu ba ta ce mini uffan ba. Naɗe kaya kawai ta shiga yi, duk mai iyali kuwa ya san irin wannan shirun ya fi faɗa ciwo.

Kuskurena shi ne na fara daga inda ya kamata in ƙare. Ni na saba da kwanan waje, sai na ɗauka in na ninka wa yara kaya shi ke nan. Ashe jikin yaro lissafinsa daban ne. Fatarsa ta yi yawa idan aka gwada da nauyinsa, don haka zafin jiki ya fi saurin fita daga gare shi. Ga shi kuma ba ya kawo ƙara. In wasa ya yi daɗi, yatsunsa za su sandare yana ce maka "Baba ni lafiyata ƙalau." Wanda zai fita da yaro cikin sanyi dole ya zama shi ne mai ji masa sanyin, kuma ya tsara tafiyar yadda komawa gida ba za ta yi wuya ba.

Fara da rana, kusa da gida

Kada daren farko na yaro a tanti ya zama shi ne ranarsa ta farko a cikin sanyi. Bayan wancan abin kunya da na sha, mun shafe makonni muna fita da rana kawai. Minti talatin a farko, sannan awa ɗaya, sannan wuni guda da abincinmu. A nan ne za ka gano abubuwan da babu mai gaya maka: wane takalmi ne ke shan ruwa, wace safar hannu ce ke zamewa, wanne daga cikin yaran ne ke fara yin shiru in sanyi ya kama shi. Babbar 'yata surutu take ƙarawa in ta ji sanyi. Ƙanenta kuwa sai ya nemi wuri ya zauna, ya ƙura wa ƙasa ido. Da ban san wannan ba, da na riƙa zaton shi ne ya fi ta juriya.

Tafiyar ƙasa da ɗan shekara uku ko huɗu ba a auna ta da kilomita. Zai tsaya ya duba sawun tsuntsu, ya fasa ƙanƙarar da ta daskare a kan wani ɗan kududdufi, ya sake fasa ta, ya tsinci sanda, ya yar, ya koma ya ɗauko. Ka bar shi. Abin da ya fito yi ke nan. Sai dai ka tuna da wanda aka goya ko aka tura a keken jarirai: kai kana tafe jikinka na ɗumi, shi yana zaune ba motsi, ƙafafunsa na reto a iska. Yaron da aka ɗauka ya fi mai gudu bukatar kaya nesa ba kusa ba.

Daga nan sai tanti. Mu a falo muka fara kafa shi, suka kwana ciki, suka koyi jan zif da shiga jakar barci, wato wannan bargo mai kama da buhu da mutum ke shiga ya zuge kansa. Mako na gaba muka fitar da shi bayan gida. Dare biyu muka yi a can, ƙofar ɗaki na nan taku goma. Sai bayan wannan muka koma ainihin sansani, shi ma wanda mota ke iya tsayawa dab da tanti, akwai banɗaki, kuma bai kai awa ɗaya daga gida ba. Dare ɗaya tak. Ba a fafe gora ranar tafiya, haka ma ba a koyon kafa tanti da yamma cikin iska yara na rawar ɗari a gefe.

Game da yanayi, ni dai ga daren farko ba na yarda da abin da ya sauka ƙasa da sifili sosai, wato sifilin ma'aunin Celsius inda ruwa ke fara daskarewa. Ka duba hasashen dare, don na rana yaudara ne, ka duba ƙarfin iska da yiwuwar ruwa. Digiri 2 da yayyafi da iska ya fi digiri 5 ƙasa da sifili haɗari in wuri a bushe yake kuma iska ta kwanta. In wurin kan tudu ne, ka sani duk hawan mita 1,000 yana rage zafi da kusan digiri 6 da rabi. Ƙungiyar likitocin yara ta Kanada, ƙasar da ta san sanyi, tana ba da shawarar a bar yara a ɗaki in sanyi, ko sanyi haɗe da iska, ya kai digiri 27 ƙasa da sifili. Wannan iyakar wasan rana ce. Kwana kuwa tun kafin a je kusa da nan ya kamata a haƙura. Jariri da bai shekara ba ni ba na kai shi irin wannan kwana, domin ba a sa shi cikin jakar manya ko a lulluɓe shi da barguna masu taushi, hakan na iya toshe masa numfashi.

Sutura

A nan ne yawancin iyaye ke faɗuwa, ni ma a nan na faɗi. Rigar sanyi ɗaya mai kauri ba ta kai riguna uku marasa kauri amfani ba, saboda iskar da ke maƙale tsakanin riga da riga ita ce ke riƙe ɗumi, kuma kana iya cire ɗaya in yaro ya fara gumi. Ta jikin fata ta zama ta ulu ko ta yadin roba irin foliyesta, mai jan gumi ya fitar. Ta tsakiya suwaita mai laushi. Ta waje kuma mai tare iska da ruwa, riga da wando.

Auduga ka bar ta a gida, har singileti da ɗan kamfai da safa. Tana shan gumi ta riƙe, ruwa kuwa yana ɗauke zafi daga jiki fiye da iska kusan sau 25. Yaron da ya jiƙe da gumi ya zauna ya huta, cikin mintuna kaɗan sanyi zai shige shi. Shi ya sa nake buɗe musu zif ko in cire hula in za su hau tudu, in mayar da zarar sun tsaya. Likitocin yara a Amurka na cewa a ƙara wa ƙaramin yaro riga ɗaya a kan abin da babba zai sa a wannan yanayi. Shawara ce mai kyau ga yaron da ke zaune. Ga mai tsalle-tsalle kuwa sai ka haɗa da idonka.

Safar hannu mai haɗe yatsu huɗu wuri ɗaya ta fi mai raba yatsu ɗumi, kuma ta fi saurin sawa ga yaron da ke mutsu-mutsu. Ka ɗauki ninki uku ga kowane yaro. Ba wasa nake ba. Ɗaya za ta jiƙe kafin azahar, ɗaya za ta ɓace, kuma kullum ta hannun hagu ce ke ɓacewa, ban san dalili ba. Takalmi ya zama da sarari a ciki. In ka cusa safa biyu masu kauri cikin matsattsen takalmi ka matse jijiyoyin jini, ƙafa ta ƙara sanyi maimakon ɗumi. Safa ɗaya ta ulu, da wurin da yatsu za su motsa, ta wadatar. A wuya kuma na fi son zagayayyen abin wuya da ake zurawa ta ka a kan dogon mayafi mai jela, wanda kan iya maƙalewa a reshe.

Sai dubawa. Duk bayan minti ashirin ko talatin nakan kira su ɗaya bayan ɗaya, in zura hannu ta bayan wuya in ji ko akwai gumi, in taɓa yatsu, in dubi kumatu da hanci da kunne. Ba na tambayar "kana jin sanyi?" don amsar a'a ce kullum. Nakan ce, "Zo ka ja mini wannan zif ɗin." In yatsunsa sun kasa abin da suka saba yi, lokacin ɗumama jiki ya yi.

Dare

Ƙasa ce ke satar zafi fiye da iska. Jakar barci komai tsadarta, ɓangaren da mutum ya kwanta a kai ya danne, babu sauran ɗumi a cikinsa. Abin da ke tsakaninka da ƙasa shi ne magana. Shimfiɗun kwanan sansani suna zuwa da wata lamba da ake kira R, mai nuna ƙarfin tare sanyi. Ga lokacin sanyi ka nemi 4 zuwa sama, kuma lambobin suna haɗuwa: in ka ɗora mai 3 a kan mai 2 ka sami 5. Ni nakan shimfiɗa tabarmar soso ta rufe dukan ƙasan tantin, sannan in ɗora masu hurawa a kai, domin yaro ba ya kwana inda aka ajiye shi. Da asuba za ka same shi a kusurwa, rabin jikinsa a ƙasa. Babbar katifar iska irin ta baƙi kuwa, wadda babu komai cikinta sai iska, kada ka kuskura. Iskar cikinta sanyi take ɗauka ta miƙa wa bayanka har gari ya waye.

Lambar sanyin da ke jikin jakar barci ma a yi hattara da ita. Da gunki mai girman babban mutum ake gwajin, ma'aunin bai shafi yara ba. Ka ɗauki jakar da aka rubuta mata sanyin da ya fi wanda kuke tsammani da tazara mai yawa. In ta manya ce za ka sa yaro ciki, ka ɗaure ragowar ƙasan da igiya ko bel daidai tsawonsa. In ba haka ba ƙananan ƙafafunsa za su kwana suna ƙoƙarin ɗumama fili, ko ya zurma can ciki.

Tsarin kwanciyarmu yanzu ba ya canzawa. Kowa ya yi fitsari. A cire duk abin da aka wuni da shi, har safa, a sa busassun kayan da aka ware don barci kaɗai, waɗanda ke cikin leda tun daga gida. A ci wani abu mai maiƙo, don jiki na bukatar makamashin da zai ƙona cikin dare. Sai tsalle ashirin a bakin tanti, wanda yaran suka ɗauka wasa ne, alhali dalilinsa shi ne jakar barci ba ta ƙirƙirar ɗumi, wanda ka shiga da shi take riƙewa. Kowa da hularsa. A ƙafar kowanne akwai gorar ruwan ɗumi mai murfi mai ƙarfi, an zura ta cikin safa don kada ta ƙona fata. Yara a tsakiya, ni da uwarsu a gefe da gefe. Kayan da za a sa da safe su ma cikin jaka suke kwana, don babu yaron da zai yarda ya sa daskararren wando.

Ka hana su cusa fuska cikin jaka. Numfashi na ɗauke da danshi, ya jiƙa jakar daga ciki. Saboda wannan danshin ne ma ake barin 'yar kafar iska a buɗe a saman tanti, ko da zuciya na cewa a rufe ko'ina ruf. In ka toshe, da safe za ka tarar rufin ya yi raɓa ko ƙanƙara tana zubo muku.

Fitsarin dare kuma babu makawa, sanyi na ƙara shi. Ka ajiye fo ko bokiti mai murfi a bakin ƙofa, da tocila a inda hannu zai kai. In yaron bai daɗe da daina fitsarin kwance ba, ka sa masa kunzugun zamani a wannan daren, ka lallashe shi cewa na sansani ne. Jiƙaƙƙiyar jakar barci da tsakar dare ita ce ƙarshen tafiya.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa: wuta ba ta shiga tanti. Ba murhun gas, ba risho, ba kaskon gawayi, ko da garwashin ya yi kamar ya mutu. Suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa ciwon kai da jiri da barci, mutum ya wuce daga barcin bai sani ba, kuma yara ta fi saurin kayarwa. Girki a waje ake yi. A gefen wutar sansani kuma nakan ja layi a ƙasa da sanda, taku uku daga wuta, in ce wannan iyakar yara ce. Rigunan roba narkewa suke yi in tartsatsi ya taɓa su.

Ci da sha da sauran tarkace

Sanyi na kashe ƙishirwa, amma jiki na ci gaba da rasa ruwa ta numfashi, wannan tururin da yara ke wasa da shi a baki ruwa ne ke fita. Filas na abin sha mai ɗumi ya fi gorar ruwan sanyi karɓuwa a wurinsu. Abinci kaɗan-kaɗan, a kai a kai, kada a jira sai an ji yunwa. Na dare ka dafa shi tun a gida, ɗumamawa kawai za ka yi. Abin taunawa ka sa a aljihun ciki, don cakulan da ya wuni a jaka dutse yake komawa. Gorar ruwa ka kife ta, ruwa ta sama yake fara daskarewa, in ka juya da safe bakin a buɗe yake. Gas ɗin girki irin na butan zalla ba ya tashi sosai da zarar an kai sifili, sai ka nemi wanda aka gauraya da gas ɗin furofen. Batura ma sanyi na shanye su, waya da tocila su kwana a jikinka. In akwai dusar ƙanƙara, tana iya mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙona fata, saboda haka tabarau da man kare fata suna da aiki ko da ana ɗari.

Dogon duhu

Abin da ya ba ni mamaki shi ne duhu ya fi sanyi wahalar sarrafawa. A ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya, rana kan faɗi wajen ƙarfe huɗu a tsakiyar hunturu, ga yara ido biyu, barci da saura. Ka kafa tanti tun rana na sama, ka tanadi abin yi. Kowane yaro da fitilarsa ta goshi, wannan kaɗai ya isa ya cinye awa guda. Muna yin inuwar dabbobi da hannu a jikin tanti. Muna kashe fitilu duka mu ƙirga zuwa ɗari, ido ya saba, sai taurari su fito fiye da yadda suka taɓa gani. Babbar ta iya nuna Kaza da 'Ya'yanta da kanta yanzu, kuma ba ta gajiya da nuna wa ƙanenta ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Ka ba su aiki na gaske. Ɗan shekara uku zai iya miƙo turakun tanti ɗaya-ɗaya, 'yar shekara shida za ta iya tara ƙirare da jera takalma. Yaron da ke da aiki yana motsi, mai motsi kuma yana ɗumi.

Kowannensu na rataye da usur a jikin riga, kuma mun sha maimaita dokar: in ka duba ba ka gan mu ba, ka tsaya inda kake, ka rungumi bishiya, ka busa sau uku, ka saurara, ka sake. Wannan koyarwa ta rungumar bishiya ta samo asali ne a Kaliforniya a 1981, bayan wani yaro ɗan shekara 9 ya ɓace a kan dutse, sanyi ya kashe shi kafin masu nema su kai gare shi. Yaron da ya ɓace yakan yi ta tafiya, wani ma ya ɓuya in ya ji baƙin muryoyi na kiran sunansa don yana tsoron faɗa. Ka gaya masa tun a gida cewa babu mai yi masa faɗa. Daskararren tafki ko kogi kuwa, nawa yaran ba sa taka shi, komai kaurin da ƙanƙarar ta nuna.

Lokacin naɗe kaya

Zafin jikin mutum wajen digiri 37 ne. In ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari. Alamun farko su ne rawar ɗari da ta ƙi tsayawa, tuntuɓe, harɗewar harshe, da wani irin sanyin jiki ko barci da ba lokacinsa ba. In yaro na cikin sanyi sai rawar ɗarin ta tsaya alhali bai ɗumama ba, abin ya yi tsanani, a nemi asibiti nan take. Kafin nan ka cire masa jiƙaƙƙun kaya, ka raba shi da ƙasa, ka rungume shi a jikinka cikin bargo, ka ba shi abin sha mai ɗumi da zaƙi in yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya.

In kumatu ko yatsa ko kunne ya canza launi, ya koɗe ko ya yi toka-toka, kuma yaron ya ce ba ya jin wurin, kada ka murza, kada ka kara shi a wuta. Ka rufe da tafin hannunka mai ɗumi, ko ka sa yatsun a hammatarka, ko cikin ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37 zuwa 39. In wurin ya yi tauri ko ya tashi bororo, aikin likita ne.

Amma ba sai an kai nan ake tafiya gida ba. Mukullin mota a aljihun rigata yake kwana, motar na fuskantar hanya, da mai a ciki, da busasshen bargo a kujerar baya, kuma akwai wanda ya san inda muke da lokacin da za mu dawo. Sau biyu bayan wancan daren na farko mun sake tashi kafin gari ya waye, sau ɗaya don iska, sau ɗaya don ƙaramin ya ce shi dai gadonsa yake so. Ban ja da shi ba. A hanya yana ta ba yayarsa labarin mujiyar da ya ji kukanta, wadda a bakinsa ta kai girman mota.

Fitarmu ta baya-bayan nan mun kwana har safe. Na farka na tarar numfashinmu ya daskare a rufin tanti, fari fat kamar an barbaɗa gishiri. Ƙaramin ya miƙa hannu daga cikin jaka ya kankaro kaɗan da farce, ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska. Sannan ya ce in miƙo masa takalminsa, wai zai je ya duba ko kududdufin jiya ya sake daskarewa.